Yadda Za Ka Ƙona Fatar Kabon da Leza, Ka Auna Yadda Lantarki Ke Ratsa Ta

Duk lokacin da aka raba batutuwan aikin kammala digiri, ɗaliban fiziks da na injiniyan lantarki sai su yi ta turo mini tambaya iri ɗaya. An ba su aiki a kan tasirin leza ga siririyar fatar kabon, sashensu ba shi da irin na'urorin da suke gani a takardun bincike, to ta ina za su kama? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta matakan.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda rukunin James Tour na Jami'ar Rice da ke Amurka suka wallafa a 2014. Ana haska leza a kan robar Kapton, wadda sam lantarki ba ya ratsa ta, sai samanta ya rikiɗe ya zama baƙar fatar kabon mai huji-huji kamar soso, wadda wuta ke bi. Tsakanin "bai ƙonu ba" da "ya zama toka" akwai ɗan siririn fili, kuma aikinka duka shi ne nemo wannan filin, sannan ka auna shi ba tare da mita ta yaudare ka ba. Ƙonawar ba ta da wuya. A wajen awo ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa.

1. Tara kaya

Injin leza shi ne babban kuɗi, kuma ba sai ka saya ba. Masu yanka robar ado da masu rubutun lambar yabo a manyan garuruwa suna da leza mai aiki da iskar CO2, mai tsawon zango maikuromita 10.6, irin wadda aka yi aikin farko da ita. Ka yi ciniki da mai shago a kan awa, ba a kan yawan zane ba, don zanenka ƙanana ne amma saitinsu na cin lokaci. Awa biyu zuwa uku sun isa zaman farko. Idan sashenku zai saya, ƙaramin injin da ake kira K40 ɗaruruwan daloli kaɗan ne kafin kuɗin dako da na kwastan. Leza mai shuɗin haske, ta nanomita 450, ita ma tana ƙona Kapton kuma ta fi araha, sai dai ta fi haɗari ga ido.

Sai robar kanta. Wadda ta fi dacewa ita ce falle mai kaurin maikuromita 125. Idan ba ka same ta ba, tef ɗin nan mai ruwan zuma da masu gyaran waya ke liƙawa a kan fanel kafin su hura masa zafi, shi ma Kapton ne, kuma ana samunsa a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Kaurinsa bai cika wuce maikuromita 25 ba ban da gam, don haka saurin hujewa gare shi.

Sauran: gilasan da ake ɗora samfur a madubin likita, sipirit, auduga, tef na jan ƙarfe, fentin azurfa, mita biyu na awon lantarki, batir mai bolt 9, rizisto mai om 10,000, da ma'aunin baniya, wato ɗan ma'aunin nan mai zamewa na auna ƙananan tsawo. A cikin ƙananan kayan nan fentin azurfa ne zai ƙona maka aljihu, 'yar kwalba ce amma da tsada, kuma idan ka bar ta a buɗe ta bushe. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya.

Gargaɗi: jabun tef ya cika kasuwa, roba ce kawai aka rina ta ruwan zuma. Kafin ka biya, karɓi ayan ɗin soda mai zafi a wurin mai gyara ka ɗora a gefen tef ɗin. Kapton na gaske ba ya narkewa. Jabu kuwa nan take zai motse ya huje. Wani ɗalibina ya ɓata mako biyu yana zargin injin, ashe tef ɗin ne ke narkewa kamar leda.

2. Shirya samfur

Goge gilashin da sipirit, ka liƙa tef ɗin a hankali daga gefe guda kana bin sa da katin ATM da ya daina aiki don kada iska ta maƙale a ƙasa. Duk inda kumfar iska ta zauna, wurin zai fi zafi, ya kumbura, ya fashe. Idan falle kake amfani da shi, danne gefunansa huɗu da tef a kan farantin ƙarfe ko tayil, don zafi na sa shi ya nannaɗe, kuma da zarar ya ɗago ko da rabin milimita ne, saitin hasken ya canza.

Sake goge saman da sipirit don cire maiƙon yatsa, ka bar shi ya bushe sarai. A lokacin hunturu ka ajiye samfuran a rufaffen mazubi har zuwa lokacin ƙonawa, ƙurar nan tana barin ɗige-ɗigen da ba su ƙonu ba.

Abin da ka shimfiɗa a ƙarƙashi yana cikin gwajin. Alminiyam na janye zafi da sauri, gilashi na riƙe shi. Saiti ɗaya zai ba ka sakamako biyu a kansu. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen aikin.

3. Saita injin

Fara da tazarar da ke tsakanin bakin leza da samfur. Kowane inji na zuwa da ɗan ma'auninsa, amma ka tuna gilashi da tef sun ƙara tudu, don haka daga saman tef za ka auna, ba daga gadon injin ba. Rubuta tazarar a littafinka.

Iskar da ake hurawa a bakin leza, rage ta sosai. Masu shago sun saba buɗe ta gaba ɗaya don yankan katako, amma fatar kabon ɗinka laushi gare ta kamar tokar takarda, iska mai ƙarfi za ta kwashe ta tun kafin ta huce. Fankar da ke zuƙe hayaƙi zuwa waje kuwa, ba a kashe ta ko na minti ɗaya.

Duba ruwan da ke sanyaya kwalbar leza. Idan ya haura digiri 25, ƙarfin hasken zai riƙa sauka a hankali, samfurin farko da na ƙarshe ba za su sha wuta iri ɗaya ba. A watannin bazara ka je da sassafe, ko ka jefa ƙanƙara a bokitin. Haka idan wuta na hawa da sauka, ko an koma kan janareta a tsakiyar aiki, soke wannan zagayen ka sake. Ba asara ba ce, asarar ita ce ka gina babi guda a kan lambobin da janareta ya rubuta maka.

Gargaɗi: hasken CO2 ba a ganinsa, don haka murfin injin a rufe yake zama muddin yana aiki. Idan mai shuɗin haske ce, wadda galibi ba ta da murfi, sai da tabarau na musamman da aka rubuta wa nanomita 450 da lambar OD 5 ko sama, wato lambar ƙarfin tare haske, kuma kowa da ke ɗakin sai ya sa. Gilashin rana ba ya karewa. Hayaƙin Kapton na ɗauke da iska mai guba, kada ka sunkuya kana shinshinawa. Kada ka taɓa saka robar PVC a ƙarƙashin samfur, hayaƙinta na cin huhu, yana cin ƙarfen injin. Sannan kada ka buɗe bayan injin CO2, dubban bolt ne a wurin.

4. Zana allon gwaji

Kada ka fara da zanen da kake so a ƙarshe. Fara da allon murabba'ai, kowanne milimita 5 a kan 5, layi biyar tsaye, biyar kwance. Daga hagu zuwa dama ƙarfin leza na ƙaruwa, daga sama zuwa ƙasa gudu na ƙaruwa. Manhajojin LightBurn da RDWorks duk suna ba ka damar ba kowane murabba'i nasa saitin. Zaɓi tsarin cike fili, wanda bakin leza ke kai da komo layi-layi, ka sa tazarar layi milimita 0.1.

A inji mai wat 40, fara ƙarfi daga kashi 8 zuwa 20 cikin ɗari, gudu daga milimita 100 zuwa 300 a sakan. Don ka san inda ka dosa: mutanen Rice sun yi aiki da wat 2.4 zuwa 5.4, a gudun da ya kusa milimita 90 a sakan. Ƙasa da wat 2.4 robar ba ta ba wuta hanya ba, a wat 5.4 kuma turjiyar, wato yadda fatar ke hana lantarki wucewa, ta sauka zuwa kusan om 15 a kowane murabba'i (mataki na 7 zai bayyana wannan awon).

Nan ne nake so ka natsu. Kashi cikin ɗari da ke kan allon inji ba wat ba ne. Kwalbar da aka rubuta wa wat 40 ba lallai ta ba da 40 ba, musamman idan ta tsufa, kuma a ƙasa da wani mataki ba ta ma tashi. Masu shuɗin haske sun fi ruɗi: sau da yawa lambar da ke kan kwali wutar da injin ke ci ce, hasken da ke fita bai kai rabinta ba. Idan injin yana da allurar miliyam, rubuta abin da take nunawa a kowane saiti. Kuma lambar da za ta ba ka damar kwatanta aikinka da na wasu ita ce yawan makamashin da ya sauka a kan kowane fili: raba wat da gudu, ka sake raba da tazarar layi. Wat 4, gudu 100, tazara 0.1, ya ba ka jul 0.4 a kowane murabba'in milimita, wato jul 40 a murabba'in santimita. Ko da haka, saiti biyu masu jul ɗaya ba sa haifar da fata iri ɗaya idan gudunsu ya bambanta, don mai tafiyar hawainiya na ba zafi lokacin bazuwa gefe da ƙasa. Saboda haka a rubuta duka ukun, ba sakamakon rabawar kaɗai ba.

5. Ƙona, ka karanta da ido

Tsaya a gaban injin har ya gama. Idan harshen wuta ya tashi, danna tsayawa.

Allon zai nuna maka kala huɗu. Inda wutar ta yi kaɗan, robar za ta yi duhu kawai ko ta yi ƙyalli ruwan ƙasa, mita ba za ta motsa ba. Gaba kaɗan za ka ga baƙi mai ɗige-ɗige, wani wuri ya kama wani bai kama ba. Sai baƙi sumul marar ƙyalli kamar ƙaramiski, wannan shi ake nema. Bayan shi sai wanda ya tashi kamar gashi, yana zuba idan ka hura, ko ya tsage, ko ya huje har gilashi.

Zaɓi gudu ɗaya wanda ya ba ka baƙi mai kyau a murabba'ai da yawa. Daga yanzu gudun nan ba ya canzawa, ƙarfi kaɗai za ka riƙa juyawa, a matakai shida ko bakwai, daga mai ɗige-ɗige zuwa wanda ya fara lalacewa. Kada ka zubar da munanan, su ne ke nuna iyakokin filin.

Gargaɗi: kada ka shafa fatar da yatsa don jin laushinta. Ka danne ta, ka canza turjiyarta.

6. Ƙona sandunan awo, ka haɗa musu ƙafafu

A kowane matakin ƙarfi, zana sanduna huɗu masu faɗin milimita 2, tsawonsu 10, 20, 30 da 40, kowace da ɗan dandali a kai da gindi inda waya za ta zauna. Yi kowane saiti sau uku a gilasai daban. Samfur ɗaya ba sakamako ba ne, labari ne kawai.

Liƙa guntun tef na jan ƙarfe dab da kowane dandali, ka ɗiga fentin azurfa ya haɗe kabon da jan ƙarfen, ka ba shi lokacin bushewa da aka rubuta a kwalbar. Fenti mai ɗanye yana ba da lamba mai yawo. Kula kada ya malala cikin sandar, don soson kabon na tsotsarsa, sai tsawon da kake lissafi da shi ya ragu ba ka sani ba. Bayan ya bushe, auna ainihin tsawon da ke tsakanin bakin fenti da bakin fenti, da ainihin faɗin sandar. Abin da ka zana milimita 2 yakan fito da ɗan ƙari saboda kaurin hasken.

Gargaɗi: kada ka soka tsinin wayar mita kai tsaye a kan kabon. Zai huda shi, kuma lambar za ta riƙa bin ƙarfin hannunka.

7. Awo

Lambar da ake nema ita ce turjiyar murabba'i. Raba tsawon sanda da faɗinta, ka san murabba'i nawa ke jere a cikinta: sandunanmu suna da 5, 10, 15 da 20. Girman murabba'in ba ya canza komai, yawansu ne abin lissafi.

Ga inda mita ke yaudara. Idan ka auna da waya biyu, abin da take nuna maka ya haɗa da turjiyar wayoyin da ta mahaɗar azurfa da kabon. Ɗauki misali, sandunan sun ba ka om 190, 340, 490 da 640. Wanda ya auna gajerar kaɗai zai raba 190 da 5 ya rubuta 38. Amma dubi tazarar: duk ƙarin murabba'i 5 na ƙara om 150, wato 30 a kowane murabba'i. Ragowar 40 ɗin nan ta mahaɗai ce da wayoyi, ba ta kabon ba. Kuskuren ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, kuma yana ƙara muni a samfuran da suka fi kyau, don turjiyarsu ƙarama ce. Shi ya sa muka yi sanduna huɗu. Zana giraf, turjiya a tsaye, yawan murabba'i a kwance. Gangaren layin shi ne amsarka, inda ya yanki sandar tsaye kuma shi ne harajin mahaɗai. Idan ɗigon guda ya kauce wa layin, duba wannan sandar da kyau, galibi akwai tsaga.

Don tabbatarwa, yi awon waya huɗu ta hanyar van der Pauw, wadda ake amfani da ita tun 1958. Ƙona murabba'i mai milimita 10, ka ɗiga azurfa ƙanana ƙwarai a kusurwoyinsa huɗu. Jera batir da rizisto da mita ta farko a layi ɗaya, su tura wutar da ta kusa miliyam 0.9 ta kusurwoyi biyu na gefe guda. Mita ta biyu ta auna bolt a kusurwoyi biyun da ke fuskantarsu. Raba bolt da kwararar wutar, ka ninka da 4.53. Fata mai om 30 za ta nuna maka kusan milibolt 6, don haka sa mitar a zangon milibolt 200. Juya kan batir ka sake, sannan ka juya haɗin zuwa gefen da ke maƙwabtaka ka sake, ka ɗauki matsakaici. Idan gefen biyu sun yi hannun riga sosai, ninkin 4.53 bai wadatar ba, kuma dalilin na nan a mataki na 9.

Gargaɗi: kada ka cire rizisto don lambar ta yi girma. Wuta mai yawa na ɗumama kabon, turjiya ta riƙa zamewa kana kallo.

8. Abin da giraf ɗinka zai faɗa

Yanzu zana turjiyar murabba'i a kan ƙarfin leza. Sa sandar tsaye a ma'aunin ninki goma-goma, in ba haka ba faɗuwar farko za ta danne komai.

Da fari turjiya ta fi ƙarfin mita. Sai a wani mataki ta rikito daga miliyoyin om zuwa ɗaruruwa ko gomomi. A nan ne zafi, wanda ke haura digiri 2,500 a ɗigon da haske ya sauka, ya kori iskar oksijin da naitirojin da haidirojin daga robar, ƙwayoyin kabon da suka rage suka jeru zobe-zobe irin na girafayit, tsarin da ake kira sp2, wanda ke sakin lantarki ya yi yawo. Bayan faɗuwar, layin na ci gaba da sauka amma a hankali. Daga bisani ya kwanta, ko ya juya sama idan fatar ta fara tsagewa da zubewa.

Saukar nan ta hankali tana da fassara biyu, kuma mai jarrabawa zai tambaye ka wacce. Ko dai kabon ɗin ne ke ƙara tsari, ko kuwa kaurin fatar ne kawai ke ƙaruwa don wuta ta ƙara nitsewa cikin robar. Turjiyar murabba'i ba ta rarrabe su. Sai ka yanka samfur da sabuwar reza, ka duba gefensa a madubin ɗakin gwaji, ka ninka kaurin da turjiyar murabba'i, sannan ka iya magana a kan kabon ɗin kansa.

Kuma kada ka rubuta "girafin" (graphene, wato falle-fallen kabon masu siranta ƙwarai da suka jeru zobe-zobe) a kan aikinka don kawai abu ya yi baƙi yana ba wuta hanya. Gawayi ma yana yi. Hujjar tana wurin na'urar Raman, wadda ke haska samfur ta fitar da giraf ɗin tsarin kabon ɗinsa: tudu a wajen lamba 1350, wani a wajen 1580, da na uku a wajen 2700. Idan na ukun bai fito ba, kira shi fatar kabon, ba wanda zai kama ka da laifi. Awon Raman biya ake yi a kan kowane samfur, don haka tura uku kawai: na bakin faɗuwa, na tsakiya, da wanda ya fi ƙarancin turjiya.

9. Ƙananan gwaje-gwaje masu ƙara wa aiki nauyi

Ƙona sanda biyu da saiti ɗaya, ɗaya tana bin hanyar da bakin leza ke kai da komo, ɗaya ta gicciye. Fatar kunya-kunya ce kamar gona, wuta ta fi son bin kunya da tsallaka ta, musamman idan tazarar layi ta yi faɗi. Duk sandunan mataki na 6 dole su fuskanci gefe ɗaya saboda wannan.

Maimaita ƙonawa sau biyu a wuri ɗaya da ƙaramin ƙarfi, ka kwatanta da sau ɗaya mai ƙarfi. Sau da yawa zagaye na biyu na ƙonawar na gyara tsarin kabon ba tare da ya huda tef ba. Ɗaga bakin leza da milimita ɗaya ko biyu ma na yin kusan haka, don ɗigon ya faɗaɗa, kowane wuri na shan haske fiye da sau ɗaya.

Ɗora gilashin a kan murfin kofin ruwan zafi, ma'aunin zafi a gefensa. Turjiyar jan ƙarfe hawa take yi da zafi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Ta wannan kabon sauka take yi kaɗan. Kare samfurin daga tururi, laima na shiga soson ta rikita awon.

10. Idan fatarka ba daga Kapton ta fito ba

Wasunku an ba su fatar kabon da aka riga aka shimfiɗa a kan gilashi ko silikon, irin mai kama da daimon, wadda kaurinta nanomita ne. Matakan awo ba su canza ba, ƙonawar ce ta bambanta. Leza na mayar da ɗaurin sp3 irin na daimon zuwa sp2, turjiya ta faɗi ninki-ninki, amma a sararin iska fata mai wannan siranta tana iya ƙonewa ta ɓace gaba ɗaya, ka zaci turjiya ce ta hau alhali gilashi tsirara kake aunawa. Ana yin aikin a cikin akwatin da aka cika da iskar argon ko naitirojin, galibi da leza mai bugun ɗan lokaci irin Nd:YAG, don gilashi na shanye hasken CO2 ya tsage. Idan a kan silikon take, tabbatar akwai rufin oksaid a tsakani, in ba haka ba wutar ta ƙasa za ta bi.

Mai aiki da girafin oksaid kuwa, wato girafin da oksijin ya maƙale masa, ya fi kowa sauƙi, don ƙaramin haske ya ishe shi. A 2012 Maher El-Kady da Richard Kaner na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun yi amfani da lezar faifan DVD mai LightScribe, fatar ta juya daga ruwan zuma zuwa baƙi. A injin shago fara daga mafi ƙarancin ƙarfi da mafi saurin gudu, kuma ka bar fatar ta kwana ta bushe kafin ka kai ta, ruwan da ya maƙale a ciki na tafasa ya ɓamɓare ta daga gilashin.